Kunnen Makanike

Shekarar da jiragen baƙi suka yi wa Libiya ruwan wuta
na baro Sabha a bayan kamyo,
mu saba'in da ɗoriya, bisa katifu da jarkoki,
ƙafata na reto a iska kwana tara.
Na taho da akwatin ƙarafuna da ƙishirwa.
Na kusa da ni ya taho da wani dogon buhu
da bai yarda a zauna masa a kai ba.
Ban tambaye shi ba.
A hamada baki na ajiyar yawu ne.

Sun ce mutum guda suka zo cirewa.
To, an ɗauke murfin randa,
kowa ya iso da modarsa.
Abin da aka ɗiba a can
ya biyo sawunmu sannu-sannu, kamar karen da ba shi da gida,
ya kwana a hanya, ya sha ruwa,
ya zagayo ta kudu
ya sami inuwa cikin daji.

Ni kuwa na kafa rumfa a Maraɗi,
bakin hanyar Ɗan Isa, gindin bedi.
Ba na riƙe fuska. Murya nake riƙewa.
Moton Nomau yana tari da safe,
na Ɗan Jimma yana gunaguni kamar an hana shi bashi,
ko barci nake na san wanda ya wuce.

Wata Laraba yaro ya turo nasa,
rawani har hanci, farce cike da jar ƙasa.
Salansa ta tsage.
Na liƙe ta da walda, amma ta riƙe wani siririn fito
a ƙarshen kowane numfashi,
kamar ɗan tsako da aka taka.
Na ce bari in sake. Ya ce bar shi.
Ya ajiye jikka biyar bai jira canji ba.
Na saya wa Tsahara nama a ranar.
Allah ya gani, na yi murna.

Sati uku bayan nan na tafi ƙauyenmu, gefen Gabi,
in taya Ma'azu yankan gero.
Mun ci tuwo, mun yi gardamar kuɗin taki,
ya kira ni ɗan birni, muka kwanta.
Tsakar dare karnuka suka yi shiru.
Shirun ne ya tashe ni.

Na shiga cikin kara, na kifa ciki, ƙasa a bakina.
Ban ga komai ba.
Kunnena dai bai san hutu ba:
ɗaya, biyu, bakwai, goma sha ɗaya,
wannan sarƙarsa ta saki, wannan mai ya yi masa yawa,
sai can a tsakiyarsu
ɗan tsakon nan.
Aikin hannuna.
Bai ko yi gardamar tashi ba.

Sun kora shanu. Sun kora Ma'azu.
Mun sai da gonar gindin gawo,
mun sai da amalanke, har jakin.
Da aka kira a salula
sai aka ce a ƙara da moto biyu, sababbi fil,
kada a kawo gyararre.

A ofishin jandarma aka ce: me ka gani?
Na ce ban gani ba, na ji.
Ya duba takardarsa sama da ƙasa,
babu gurbin da ake rubuta fito.

Ma'azu ya dawo wata biyu baya,
ba ya gardama yanzu,
ko kan kuɗin taki.

Har yau ina gindin bedi, yara na son abinci.
Duk wanda ya turo moto ina duban farcensa,
in ɗauki ƙarfe, in ajiye, in sake ɗauka.
Jiya wani ya ce, malam, sauri nake.
Na ce, ina za ka?
Ya ce, asibiti, haihuwa.
Na gyara.
Na tsaya bakin kwalta ina saurarensa
har ya ɓace,
don in san shi in ya dawo da dare.