Faɗuwar Kira

Ƙarfe huɗu a Sheffield, duhu ya riga mu shiga gida,
ruwa na tsiyaya a gilashin kicin.
Suwaiba ta baje littafin Latin a tebur
tsakanin kwanon barkono da takardar kuɗin wuta.

"Baba, malama ta ce suna yana da faɗuwa shida."
Na ce, faɗuwa irin ta mangwaro?
Ta harare ni.
Wai masanan Rum na da
sun ɗauki suna kamar sanda a tsaye,
in ya karkata don ya yi aiki cikin zance
sai su ce ya faɗi.
Su ma aron tunanin suka yi wajen Girkawa.
Faɗuwa ɗaya ta kira ce,
da kalmarsu ta ƙwala kira suka raɗa mata suna.

Ta nuna min da bakin biro:
filius, ɗa ke nan in ana zancensa,
fili, in an juyo ana kiransa.
Wutsiyar ta gutsure.
Na yi dariya, fili a wajenmu ai sarari ne,
inda ake shanya gero.

Na ce mu ma ba a bar mu a baya ba.
Malam Ɗanbaba, a zaurensa na Gumel,
ya biya mana babin munada da yatsa a sama,
ya ce "ya" sallama ce:
ba a faɗa wa sunan mutum kamar akuya ta ga ƙofa a buɗe.
Ya Rabbi. Ya ku jama'a.
In kuwa mutum ya yi nisa cikin gona
sai a ja ƙarshen sunansa kamar igiyar guga
har ya taɓo kunnensa: Tanimuuu!
Su gutsurewa suke yi, mu ja muke.

Ta rubuta. Can ta ɗago kai:
"To Kaka fa, yaya take kiranka?"

Miya na tafasa. Na tashi na rage wuta.

Ni ɗan fari ne.
Shekara arba'in da bakwai
Inna ba ta ɗora Haliru a kan harshenta ba.
Alkunya ce, ba ƙi ba.
"Kai," take cewa.
Kai, zo ka ɗauki tuwonka.
Kai, waye ya yaga maka riga?
In da baƙi kuwa, "wancan yaron."
Ran da zan taso, a tasha,
ta cusa min ƙullin yaji a aljihu
tana kallon tayar mota:
Kai, ka riƙe salla.

A asibitin da nake tura gadaje
sunana na rataye a ƙirjina,
kowa na karanta shi, kowa na karya shi,
wasu su gutsure rabi su miƙo min sauran.
Ina amsawa. Albashi ne.
Amma ran Juma'a, in layi ya yi kyau,
murya daga nesa, da kukan zakara a bayanta:
"Kai ne?"
Duk kai-kai ɗin duniya
wannan ɗaya na san tawa ce.

Bara da azumi aka binne ta
ina kan neman tikiti.

Suwaiba ta ciji biro.
"Amma Baba, kai ai wakilin suna ne,
malama za ta soke."
Na ce bari ta soke.
Wanda ya fara kira a duniya bai jira nahawu ba,
wani ne ya juya baya zai tafi
bakin ya buɗe da kansa.

Ta bar gurbin a jadawalin babu komai.
Na tara kwanoni, na kunna famfo.
A titi wata mata na kiran ɗanta, ko karenta,
tana jan ƙarshen sunan cikin ruwan sama.
Suwaiba ta ce, "Me ka ce?"
Na ce ba komai.
Na'am na ce.