Takardar Naɗe Tsire

A Obalende, bayan isha'i,
idan motocin Ikoyi sun lafa,
nakan buɗe kwalin da Tanimu ya sayo mini a kilo
daga gidan wani farfesa da ya rasu a Yaba.
Littafi ne ba bango. Da shi nake naɗe tsire.

Turancina na aji shida ne, ɗingishi yake,
amma ya kai ni Biyetnam.

Wannan ɗan manomin shinkafa ne,
wannan ya ajiye alli ya shiga daji,
wannan ya shekara tara a kurkukun Faransawa kan tsibiri,
ya fito da haƙori huɗu da sabon suna.
Kowa sunansa uku ko huɗu,
har uwar da ta haife shi ta rasa wanda za ta kira.

Sirara ne a hoto, kamar tsinken da nake soke nama,
takalminsu na tayar mota,
irin wanda kakana ya tsufa da shi a Gumel.
Da kafaɗa aka hau da igwa kan dutse,
shinkafa a kan keke.
'Ya'yan mutane nawa suka bi su ba su dawo ba,
littafin bai ƙirga ba. Lambobin yabo ya ƙirga.

Akwai ɗaya da na riƙe.
Kunnuwa fato-fato, yana kallon gefe,
kamar an kira shi daidai lokacin ɗaukar hoton.
Na bi shi har shafi na ɗari da sha biyu:
yaƙi ya ƙare, an ba shi kujera,
abokan kurkuku sun fara rage murya in ya shigo,
sannan wata safiya...

sai ga wata mata ta faka mota,
na dubu biyar, yaji da yawa, yi sauri.
Hannuna ya riga kaina.
Na naɗe mata ƙarshen mutumin har da albasa.

Yanzu yana kwandon shara a Lekki, ko cikin kwata,
maiƙo ya ratsa shekarar mutuwarsa.
Ko a gado ya cika, aka busa masa ƙaho,
ko goge shi aka yi daga hoton taro,
Allah masani, sai ko ɓerayen Legas.

Tanimu ya ce in daina karanta kayan aiki.
Na tona garwashi.
Saura shafi tamanin,
ga shi gobe Juma'a, akwai ciniki.