Daga Cikin Motar da Ake Ja

Kawu Gidado ya ce mini: "Kai ne birki."
Aikina ke nan, daga Bauchi har Gombe.

Tsohuwar bas ce a gaba.
A gwanjo ya saye ta, ya cire kujerun,
ya sa katifa, risho, buta da injin walda.
Shekara tara yana kwana inda aiki ya tsayar da shi.
In an tambaye shi gida, sai ya dafa mata ƙofa.

A ƙeyarta ya ƙera wa babur gadon ƙarfe,
ya ɗora shi a gicciye, ya ɗaure da ɗamara huɗu
kamar ragon da ya taɓa tsinke igiya.
Ƙarƙashin gadon, ƙugiya.
Daga ƙugiya, sarƙa taku bakwai.
A ƙarshen sarƙa, ni,
cikin motar Inna Dudu
wadda ba ta sake tashi ba tun da aka yi sadakar arba'in.

Da asuba muka fita.
Nauyin baya ya ɗaga wa bas hanci,
fitilunta na haska rassan darbejiya maimakon kwalta.
Kawu ya tsaya, ya kwashi ƙarafa da jarkokin ruwa ya mai da su gaba,
yana cewa ba yawan kaya ke karya jaki ba,
rashin daidaita mangala ne.

Ba na ganin hanya.
Babur kawai nake gani, da igiyoyinsa,
da fuskata ƙarama tana rawa a madubinsa.
Ba inji, ba hon.
Sitiyari ya yi tauri kamar murfin rijiya.
In sarƙa ta miƙe, in ji ta a haƙorana.
In ta saki, in ji ta a cikina.

Kujerar tana nan inda Inna ta bar ta,
an matso da ita gaba saboda gajerun ƙafafunta.
Gwiwoyina na bugun ƙarfe, amma ban gyara ba.
A aljihun gaba akwai littafinta na ungozoma:
sunayen mata, da watan haihuwar kowacce.
Na ƙarshe, Hajjo matar mai faci, ba a ja masa layi ba.

A gangaren Dindima mota ta tuna ita ma mota ce.
Ta kama gudu ba wanda ya aike ta,
sarƙa ta kwanta tana tartsatsi,
babur yana girma, yana girma a gilashi.
Na taka da ƙafa biyu.
Na kira sunan Allah, na kira sunan Inna.
Tsakanin hancinta da tayar babur
tafin hannu ne ya rage.
Kogin yana ƙasa, bai ko ɗaga kai ba.

A Alkaleri jami'in hanya ya zagaya mu sau biyu:
"Abin hawa uku, direba biyu. Wane ne ke ɗauke da wane?"
Kawu ya miƙa takardu, bai amsa ba.
Wani ɗan gwangwan ya ƙwanƙwasa ƙofar motar da zobensa,
ya faɗi farashi, ya ce a kilo ne.
Kawu ya durƙusa yana ƙara matse ɗamarar babur
wadda ba ta saki ba.

Bayan la'asar muka shiga Gombe.
Ya kafa wa taya dutse, ya kwance ƙugiya,
ya sauke babur ta kan katako, ya tafi neman burodi.
Na fito, yatsuna sun ƙi miƙewa,
har yanzu suna riƙe da abin da babu.

Da ya dawo ya goge mata ƙura da hularsa,
ya ce gobe zai buɗe injin.
Haka ya ce a Darazo. Haka ya ce a Dass.
Na naɗe sarƙar, na ajiye ta kusa da ƙofa,
inda ba za mu sha wahalar nema ba.