Inda Muka Yanke

Mu huɗu ne, da kyamara ɗaya ta aro,
da sandarta mai ƙafa uku, ɗaya ta gurɗe,
Hafizu ya ɗaure ta da robar taya.
Daga Samaru mu hau bas da sassafe,
mu sauka a Ƙofar Doka, mu ƙarasa a ƙafa
zuwa zauren Baba Tanimu mai surfani.

Na je da takarda shafi tara.
Na rubuta abin da zai ce, har inda zai yi shiru.
Ya karɓa, ya juya ta, ya murza kaurinta da yatsa,
ya ce, "Wannan za ta yi daɗin zana aska takwas."

Ranar farko Zuwaira ta manta da kunna makirfo.
Awa biyu bakin dattijo na motsi a allo
kamar tarwaɗa a cikin randa.
Rana ta biyu, injin markaɗen maƙwabta
ya haɗa da labarin ƙuruciyarsa ya niƙe.
Rana ta uku, ruwan Agusta.
Batir ya mutu tun kafin azahar,
muka zauna muna gaigayar gasasshiyar masara,
indararo na zuba a bakin ƙofa.
A ranar ne, ba kyamara, ba makirfo,
ya ambaci Lantana, wadda ke zura masa zare
tun da idonsa ya fara ha'inci,
har shekarar da ta riga shi tafiya.
Hafizu ya dubi jakar kyamara, ya dube ni.
Ban ce komai ba. Ban san me zan ce ba.

Sai yanka.
Awa bakwai muka kwaso, minti sha biyu ake so.
Istifanus na kan kwamfuta, mu uku a bayansa
kowa da wuƙarsa a baki.
In wuta ta ɗauke mu koma shagon aski
mu sayi lemo don a bar mu mu jona.
Kwana uku ba mu gaisa da Zuwaira ba
a kan daƙiƙa tara na kukan kurciya.
Ita ce da gaskiya. Ban taɓa faɗa mata ba.

Da muka gama, muka kai masa ya gani.
Yaran unguwa suka toshe hasken ƙofa.
Ya kalli hannunsa yana hawa da sauka,
ya kalli rigar tana cika kamar wata,
bai ƙifta ba har sunayenmu suka wuce.

Sannan ya ce, "Ina inda na warware?"

Muka dubi juna.

"Ran Talata, da na karkace, na zare layi uku.
Kuna nan. Na ji ƙarar abinku."
Na ce, Baba, kuskure ne, mun cire don mutuncinka.
Ya yi dariyar da ta koma tari.
"Rigar nan taku daga sama ta faɗo kenan.
Yaro zai gani ya zaci haka ake yi,
ran da ya karkace, sai ya yar da allura.
Rabin shekaruna a warwara suka tafi,
kun bar ni da rabin rai."

Malaminmu ya ba mu maki mai kyau.
Da jan biro ya rubuta a gefe:
haske ya yi ƙasa a minti na shida.

Yanzu Hafizu na ɗaukar biki a Tudun Wada,
Istifanus ya koma Wusasa, Zuwaira na gidan rediyo.
Ni kuwa ina da wata ma'ajiya a kwamfuta,
Istifanus ya sa mata suna Tarkace.
Wani dare nakan buɗe.
Ga yatsu biyu na jan farin zare baya,
a hankali, ba fushi, ba kunya,
rami bayan rami.
Ga inuwar wani ta gifta.
Sai wata murya daga bayan kyamara,
muryar yaro mai gaggawa, tawa,
tana cewa, "Dakata, Hafizu,
wannan ba ma buƙatarsa."