Direban Motar 'Yan Aji Biyar

Ni direba ne, sana'ata sitiyari da haƙuri.
Yara talatin da biyu na kwaso daga birnin Niigata,
jakunkunansu sun fi su nauyi.
Malama Chizuru ta ƙirga kawuna kamar mai sayen ƙwai,
ta ƙirga, ta sake, sannan ta ce mu kama hanya
tun rana ba ta gama fitowa.

Hanya ta yi ta naɗe dutse kamar igiya.
Can sama gonaki hawa-hawa,
kowace cike da ruwa, kowace ta saci guntun gajimare.
Itsuki ya manna hanci a gilashi, ya ce,
"Ashe shinkafa ba a cikin buhu ake haifarta ba?"
Mota ta kaure da dariya,
har malamar ta kasa tsawatarwa.

Tsohuwa Kikue ce ta tare mu a bakin kuyya,
shekara tamanin da ɗaya,
baya ya lanƙwashe kamar lauje, murya kuwa garau.
Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce, "A cire takalma."
Taɓo ya cafke ƙafa ta farko, aka kwarma ihu,
kwaɗo ya yi tsalle, aka sake wani.
Kafin a jima, wanda ya fi kowa ƙyanƙyami
shi aka rasa yadda za a yi da shi wajen fitowa.

Jikarta Nozomi ta tashi ɗan jirgi marar matuƙi,
ya yi shawagi bisa gona yana ƙugi kamar zuma.
Ta ce da shi take duba inda tsiro ya yi rawaya.
Wani mai tabarau ya ɗebi ƙasa a kwalba,
ya ce ƙasa ma tana ciwo, kuma tana da likita.
Koharu ta ɗaga hannu, duk laka har gwiwar hannu:
"Nawa ake samu?"
Tsohuwa ta ce, "Wata shekara riba, wata shekara darasi.
Amma ban taɓa sayen abin da zan dafa ba."
Koharu ta rubuta, takardar tana jiƙewa.

Ni ina gefe, na jingina da mota, shayina ya huce.
Ban gaya wa kowa ba
cewa ubana ma yana da irin wannan matakalar ruwa,
cewa ni na sa hannu aka sayar,
yanzu motoci ke kwana a inda kwaɗi suke kwana.
Shekara talatin ina kai mutane inda za su,
ni ban san inda nake nufa ba, sai dai juyowa.

Sai na ji, "Kai, mai mota!
Wannan tsayuwar taka ta ɗan manomi ce."
Na ce kayan aiki ne a jikina.
Ta ce, "Ruwa na wanke su."

Na shiga.
Sanyin taɓo ya hau ni har ƙeya.
Tsiro uku a yatsa uku, a tsoma, a saki, a ja da baya.
Kaina ya manta, hannuna bai manta ba.
Layina ya miƙe sak, yara suka yi cirko-cirko,
Itsuki ya ce, "Baba direba, koya min."
Na buɗe baki, sai muryar ubana ke fitowa.

Da yamma kujeruna duk sawun laka.
Da wata rana ce, da na yi ta mita har gareji.
Na leƙa madubi: rabi sun yi barci,
Itsuki rungume da gorar ruwa, tsiro ɗaya a ciki,
wai zai dasa a baranda, hawa na tara.

An ce da kaka za su koma girbi.
Ban ko wanke motar ba na wuce ofis,
na ce wa mai rabon aiki,
ranar nan, kada ya ba wani, ni ke kaiwa.