Gwangwanin Wake

Ran Laraba, bayan la'asar ɗin Leeds
wadda a hunturu ba ka raba ta da magariba,
nakan gangara ƙasan laburaren unguwarmu
inda mu tara ke koyon tsayuwa.

Misis Pilling na da gwangwani da jakar wake.
Duk wanda ya ce "am..." a tsakar magana
sai ta saki ƙwaya ɗaya.
Ƙwal!

Daren farko na miƙe,
gwiwoyina suka kama gardama da juna,
harshe ya manne a ganɗa kamar ƙanzo a tukunya.
Ni Hansatu, da muryata ke tsallake katanga uku a Gusau,
na kasa miƙa sunana ga mutum takwas.
Wake arba'in da ɗaya.
Ta ƙulle min su a leda.
Na ce a raina, ko ba komai an samu na alala.

Sai na koma kan waɗanda ba sa dariya.
Ƙarfe ukun dare a barandar asibiti
na yi wa bokiti da tsumman goge ƙasa jawabi,
na gaishe su da girmamawa, na kawo hujja ta ɗaya.
Agwagin bakin ruwa sun ji ta biyu,
suka watse da burodi ya ƙare.
A gida Zulaiha ke riƙe agogo,
tana tari, tana cewa, "Mama, ɗago kai,
ba kafet kike wa magana ba."

Ashirin da bakwai.
Sha tara.
Wani makon ya koma talatin, na yi kuka a bas.

Ran taron 'yan haya da jami'an gidaje
na tashi da takarda, ban ko duba ta ba.
Na faɗi yadda bango ke zufa,
yadda baƙin danshi ya hau bisa gadon 'yata.
Murya ta yi rawa, na bar ta ta yi,
na ja numfashi, na dubi mai jan lakatayen cikin ido
har ya ɗauki biro.

Daga kujerar baya, tsohuwar ta ɗaga yatsu uku.

Bangon dai sun ce sai watan gobe.
Waken ba su isa ƙosai ko guda ba,
sai na shuka su a bakin taga.
Biyu sun tsiro.