Abin da Sikeli Bai Sani Ba

Tun rana ba ta taka rufin shaguna ba
ina bakin sito a bayan Kara,
biro a kunne, littafi bisa cinya,
sikeli na jiran wanda zai fara.

Kaya ma aji gare su, kamar mutane.
Kan famfon tuƙa-tuƙa, baƙin ƙarfe,
kilo arba'in da ɗoriya,
ajin masu nauyi: ƙasan mota, kan tsohuwar taya.
Rodi da bututu, ajin dogaye,
ba su san kwana ba, ba su san lanƙwasa ba,
shida-shida Jaɓɓi ke ɗaure su,
ya shafe baki da giris, ya naɗe da tsumma,
don zare in ya ci duka
ko maƙerin Assada sai ya girgiza kai.

Sai fukafukan injin iska, goma sha takwas.
Kullum a kansu muke faɗa da Arzika direba.
Na ce ba su da nauyi, dubi allura.
Ya ce, "Malam, ba nauyi nika sayarwa ba, wuri.
Waɗanga sun canye min rabin bodi."
Muka shirya a tsakiya: ajin masu cin fili.
Kwali tsakanin kowane biyu,
katako ta gefe, igiya ta bi ta ƙulle,
kada su fara juyi tun a hanya.

Silinda ta tagulla, 'yar lele,
akwati nata ita kaɗai, ɓuntun shinkafa har wuya.
Na zana mata kibiya da baƙin fenti:
nan ne sama.
'Yan dako ba su karatu, amma sun san kibiya.

Saura ɗaya.
Fatar bakin fistan, kamar marfin tulu,
na aza ta, allura ko motsi.
Littafi bai da gida dominta.

Bara na rubuta ta cikin tarkace,
ta bi buhun noti, buhu ya yage wajen Gidan Madi.
Hasumiya ta tsaya a ƙauyen su Inno,
farfela na juyi dare da rana,
iska na aikin banza,
bakin famfo na tari, ba ko ɗigo.
Kwana talatin da bakwai
jakuna na kai da komowa fadama.
Ba wanda ya zo ya zage ni.
Da sun zo, da na fi samun barci.

Yau na naɗe ta a leda, na naɗe a ƙyalle,
na cusa aljihun gaban Arzika,
inda yake ajiye goro da lasin.
Ya ce, "Wanga wane aji ne? Nawa za a biya?"
Na ce rubuta: ajin ƙishirwa.

Ya yi dariya, ya taɓa ƙirji,
ya tada mota ta nufi Tangaza.
Na koma kan benci da layi guda ba cikawa,
Jaɓɓi na share ɓuntun da ya zube.